Kitsen Jini: Abin da Ke Tukunya da Abin da Ke Jijiya

A ƙasar Tsauni da Matameye, idan mutum ya yi tumbi sai a ce ya samu wuri. Amma cutar yawan kitse a jini, wato kolestarol, ba ta duba girman ciki. Siriri ma yana iya kasancewa ɗauke da ita shekara da shekaru ba ciwon kai, ba zazzaɓi, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye ko zuciyarsa ta buga, a hau cewa iska ce ko jifa.

Shi wannan kitse jiki na bukatarsa, kuma hanta ce ke yin mafi yawansa. Iri biyu likitoci suka fi dubawa. LDL shi ne mai liƙewa a bangon jijiya, hanyar jini ta riƙa tsukewa kamar tiyon ban-ruwa da laka ta taru a cikinsa. HDL kuwa kwashe rarar yake yi ya mayar hanta. Awon jini kaɗai ke nuna matsayin mutum. A takardar awo ta Nijar akan rubuta shi da giram a kowace lita, kuma ana son jimillarsa ta tsaya ƙasa da giram 2. Mai hawan jini, mai ciwon suga, da wanda wani nasa ya mutu da ciwon zuciya tun bai tsufa ba, su ya fi kamata su nemi wannan awo, ko da sai sun je Zinder.

A ganina mutumin Tsauni ba ya bukatar abincin Turawa don ya gyara jininsa. Gero, dawa, wake, kuɓewa, kuka, zogale, rama da riɗi duk suna gonarsa. Yauƙin kuɓewa da ƙwayar wake suna da wani nau'in harza da ke kama kitse a hanji ya fitar da shi kafin ya koma jini. Abin takaici, surfe mai yawa na cire dusar gero, sai mu ba akuya ɓangaren da ya fi amfani. A rage surfen, a yawaita dambun zogale da ƙuli-ƙuli, a bar wake ya riƙa shiga tukunya sau da yawa a mako.

Babbar magana tana wajen mai. Wannan yanki tun zamanin Faransa aka san shi da gyaɗa, kuma man gyaɗa na cikin masu sauƙi ga jijiya: kitse mai daskarewa da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. A manja ya kai kusan rabi, a man shanu ya haura kashi 60. Man jarka mai araha da ya cika kasuwanni, galibinsa daga kwakwar manja aka tace shi, ko da ya fito fari tas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ba a ce a haramta man shanu a kan tuwo ba, amma cokali ƙarami ya isa, kuma ba kullum ba. Man gyaɗan ma ba a ce a yi ambaliya da shi ba. Mai suyar ƙosai ko awara da ke maimaita mai ɗaya har ya yi baƙi, ta zubar da shi, duk da na san kuɗi ne.

Wajen mai balangu a zaɓi tsoka, a bar masa kitsen da kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Bayan Sallar Layya, naman da aka soya aka adana cikin kitsensa a tsane shi kafin a ci. Shayin safe mai madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, ga burodi da bota, yana ɗaga wani kitsen da ake kira tirigiliserid, haka ma fura idan an cika mata sukari.

Manomi a damina ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Damuwar tana ga mai kanti, malamin ofis, ɗan kabu-kabu da matar da ke wuni a gida, waɗanda ko masallaci ko unguwa sai a kan babur. Minti 150 a mako ake so, wato tafiya da sauri ta rabin awa har kwana biyar. Taba kuwa tana rage HDL tana raunata jijiya, babu wani adadinta da ya dace.

Akwai waɗanda yawan kitsen nasu gado ne, kusan mutum 1 cikin 250 a duniya, kuma ko ganye kaɗai suke ci awonsu ba zai sauka yadda ake so ba. Su da duk wanda haɗarinsa ya yi yawa, likita kan ba su ƙwayar sitatin ta kullum, a sake awo bayan kamar wata uku. Kada a ajiye ta don wani mai lasifika a kasuwa ya ce garinsa na narkar da kitse cikin mako ɗaya. Mace mai ciki ko mai shayarwa kuma ta faɗa wa likita halinta kafin a rubuta mata.