Zogalen Jiratawa: abin da ke faruwa kafin ganye ya iso kwandonki

Duk macen da ke sayar da kwaɗon zogale a ƙofar gida ko a babbar kasuwar Maraɗi ta san yadda lamarin yake. Wata rana ganye ya cika tasha har ana roƙon mai ɗauka, wata rana kuma a zagaye kasuwa kaf ba a sami buhu guda na kirki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun ganyen nan zuwa inda yake fitowa, domin riba ko faɗuwar mai talla tun daga gona ake ƙulla ta.

Kaso mai yawa na ɗanyen zogalen da ake ci a Maraɗi daga gundumar Madarunfa yake zuwa, daga garake na bakin Gulbin Maraɗi, musamman gandarin Jiratawa. An kafa gandarin ne a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA, faɗinsa ya kai hekta 500, kuma da injunan wutar lantarki ake jawo masa ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Asalin itacen daga arewacin Indiya ne, amma a nan ya zama ɗan gida, har wasu na ce masa tamaka.

Da yawa daga cikinmu mun saba da zogalen shinge, wanda ake kafawa a bayan ɗaki a manta da shi. Irin wannan yakan miƙe ya kai mita 3 ko 4 cikin shekara guda, ganyensa ɗan kaɗan can a ƙololuwa, sai da gora ake kaɗo shi. Na kasuwa ba haka ake yi masa ba. Ana shuka iri a rami mara zurfi, kamar gaɓar yatsa, a ƙasar da aka sa wa takin gida. Cikin sati ɗaya zuwa biyu ya tsiro. Da zarar ya wuce gwiwa, sai manomi ya tsinke masa kai. Wanda bai sani ba zai ce ɓarna ce, alhali nan ne sirrin yake: tsinkewar ce ke sa shi fitar da rassa ta gefe, ya zama kurmi maimakon sanda. Bayan wata biyu zuwa uku a fara ɗiba. Idan itacen ya tsufa ya fara rowa, sai a sare shi daidai ƙugu, ya sake tofowa.

Yana son ruwa, amma ba ya son kwana a cikinsa. Saiwarsa ruɓewa take yi a fadamar da ruwa ke kwanciya. Sanyi ma ba abokinsa ba ne, shi ya sa ganye ke ƙaranci lokacin hunturu, farashi ya hau. In kuwa azumi ya faɗo cikin wannan lokaci, kowa ya san sauran labarin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Akwai wata ƙaramar tsutsa, masana na kiranta Noorda blitealis, wadda ke naɗe ganye da zare kamar yanar gizo, ta cinye shi ta bar jijiyoyi. Cikin ƴan kwanaki tana iya tsiraita garka guda. Manomin da ya ga guminsa zai tafi, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne maganin feshi, wani lokaci ma wanda aka saya a tebur, ba takarda ba bayani, ko wanda aka yi don auduga. Kowane magani na ƙwarai akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa, waɗanda dole a jira kafin a ɗebi amfani. Shi kuwa zogale ganyensa ake ci, kuma ɗibansa ba ya yankewa. Idan aka fesa yau aka tsinka jibi, dafin yana nan, kuma tafasa ba ta fitar da shi duka. Yara da masu shayarwa, waɗanda ake kwaɗaita wa cin zogale don ya gina musu jiki, su ne farkon masu cinsa.

Ba mu ce a zuba wa tsutsa ido ba. Ƴaƴan bedi suna aiki: a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece. Sare itacen da ya kamu sosai a ƙone rassan ma yana rage ta. Aikin ya fi wahala, ba mu musa ba.

Ke mai saye, kina da bakin magana. Ki tambayi mai kawo miki ranar da aka yi feshin ƙarshe. Ki shinshina buhu kafin ki biya. Ganyen da ke warin magani ki bar shi ko da araha ne. Ƴar huda a jikin ganye ba aibi ba ce. In kuma kaya ya yi kwantai za ki busar, ki shanya a inuwa, wurin da iska ke shiga, don rana na kashe korensa ta rage masa amfani, kuma masu sayen busasshe zuwa Yamai kore suke fara dubawa.