Jinyar Wanda Likita Ya Ce Ba Waraka

 Zancenmu na yau mai nauyi ne, amma ba wadda zai wuce ta. A cikin birnin nan, tun daga Yakasai har Gwale, in ciwo ya kwantar da mutum, mace ce ke zaman jinya. Ita ke dama kunu, ita ke wanke zanen gado, ita ke jin nishin dare sa'ad da kowa ya yi barci.

Gwaggona ta yi wata biyar a kwance da ciwon daji na mama. Ba ta nuna wa kowa ba sai da ya ci jiki, likita ya ce aiki ba zai yiwu ba. Wani dare ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ba abin da likita zai ba ni in huta gaba ɗaya?" Na gane nufinta, bakina ya mutu. Mace ce mai ibada, azaba ce ta sa ta faɗi haka.

To, wannan tambaya tata ita ce aka daɗe ana gardama a kanta a ƙasashen Turawa, watau ko ya halatta likita ya taimaki majinyacin da ba zai warke ba ya mutu. Ƙasar Holan ta fara aiki da dokar da ta yarda da haka a 2002, Beljiyam ta bi ta a shekarar, Kanada a 2016, Sifen a 2021. A Holan sai majinyaci ya roƙa da kansa, ba tilas, sai wahalarsa ta kai matuƙa ba alamar sauƙi, sai kuma wani likita na biyu ya duba shi. Masu goyon bayan dokar sun ce tausayi ne, kuma mai ciwo shi ya san inda ke masa zafi.

Amma ku dubi abin da idon gidajenmu. Tsohuwa tana gani an sayar da akuya da kwallayen ɗaki don kuɗin magani. Kunya da kawaici kaɗai sun isa su sa ta ce a sallame ta, alhali tana son ranta. Ga shi kuma likita ɗan Adam ne, yakan yi kuskure a lissafinsa, wanda aka ɗebe wa tsammani yakan shekara yana yawo. Kuma ran da aka san allurar likita tana iya zama ta kisa, wace ce cikinmu za ta kai uwarta asibiti da kwanciyar rai?

A ƙasarmu doka ta hana. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa taimakon mutum ya kashe kansa cikin manyan laifuffuka, kuma wanda ya kashe wani, ko da yardarsa ne, bai kuɓuta daga hukunci ba. Malamanmu ma bakinsu ɗaya ne: rai amana ne, Mai shi kaɗai ke karɓarsa. Ni ma nan na tsaya.

Sai dai akwai abubuwa biyu da akan ruɗa da kisa, ya kamata ku bambance. Na farko ƙin magani. A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Kadan tsohonku ya ce ya gaji da allurai, a mai da shi ɗakinsa, likita kuwa ya ce ba su ƙara masa kome, ba ku kashe shi ba don kun bi maganarsa. Na biyu cire na'urar numfashi. A 1986 majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman, ta ce in ƙwaƙwalwa ta daina aiki ɗungum, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba ta komowa, to, ya halatta a cire na'urar.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Ko da likita ya ce ba waraka, sauƙi yana nan. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta nuna wa duniya ana iya kashe zafin ciwo ba tare da an kashe mai ciwon ba. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara magungunan zafi hawa uku, daga irin su farasitamol har zuwa mofin, ta ce a riƙa ba da su ta baki, a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara kuka. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa irin wannan jinya a Yuganda a 1993 da ruwan mofin mai araha. Asibitin Jami'ar Ibadan ya buɗe nasa sashen a 2007.

Gwaggona, da aka rubuta mata mofin, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta nemi fura, ta kira 'ya'yanta ta bar wasiyya, ta nemi gafarar kishiyarta. Ba ta sake yin waccan tambaya ba har Allah ya karɓi abinsa.

Saboda haka, ke mai jinya, in kin je Asibitin Murtala da ke wajen Ƙofar Mata, ko Asibitin Malam Aminu Kano, kada ki ji nauyin likita. Gaya masa inda ke zafi, da lokacin da ya fi tsanani, da ko majinyaci yana samun barci. Kada ki sayi ƙwaya mai ƙarfi a kemis ba takarda, kada ki ƙara a kan ƙa'ida, ki ɓoye ta daga yara. Mofin yakan ɗaure ciki, sai ki nemi maganin wannan tun farko. Ki riƙa juya shi kowace sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya, ki jiƙa masa leɓe da ruwa, kada ki ɗura masa abinci in ya ƙi. Kada a yi zancen kuɗin magani a kansa, kunnensa yana ji. Ku raba kwana da 'yan'uwa, don mai jinya ma mutum ce.

Ke kuma da kika ji ƙullutu a mamanki, maza ki nuna shi tun yana ƙarami, kunya ba ta maganin ciwo. Ku kuwa 'yan makaranta, ku dage ku zama nas da likitoci, gama iyayenmu na cikin lunguna sun fi sakin jiki da mace.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya lada, ya sa mu cika da imani, amin.