Matsayin Littafi a Koyon Zanen Kwamfuta da Hotuna Masu Motsi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ɗalibi ke samu a littattafan fasahar zanen kwamfuta, wanda ba zai same shi ba muddin ya tsaya ga danna maɓallan manhaja. Da yawa daga ɗalibanmu sukan fitar da kyakkyawan hoto da manhaja irin ta Blender, amma da zarar inuwa ta faɗa inda bai kamata ba sai su yi cirko-cirko, domin ba su san abin da na'urar ke lissafawa ba. Ga wanda za a yaye ya je ya koyar da wasu kuwa, wannan babban giɓi ne.

Fannin ba tsoho ba ne. A 1963 ne Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a Amurka, watau tsarin yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A 1973 Newman da Sproull suka wallafa Principles of Interactive Computer Graphics, sa'an nan Foley da van Dam suka fito da nasu a 1982, wanda aka faɗaɗa a 1990.

Idan muka duba waɗannan littattafai da na bayansu, za mu tarar tambayoyi biyu suke ta kewayawa. Fuskar kwamfuta mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kuma a kan kowane ɗigo dole a san abin da ido ke gani a wurin, da launin da za a ba shi. Su kuwa siffofin da ake zanawa, galibi da ƙananan alwatika ake gina su. Game da tambaya ta farko, Edwin Catmull ya bayyana wata dabara a Jami'ar Yuta a 1974: a riƙa ajiye nisan abu mafi kusa ga kowane ɗigo, in wani ya zo wanda ya fi shi kusa ya maye gurbinsa, in ya fi nisa a watsar da shi.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi. Tun 1760 Lambert ya nuna cewa hasken bango ya danganta da kusurwar da haske ya faɗo masa. Alal misali, hasken da ya karkace da digiri 60 daga miƙe rabin ƙarfinsa kaɗai yake bayarwa. Gouraud, a 1971, ya lissafa haske a kusurwoyin alwatika uku kawai, ya gauraya sakamakon a tsakiya. Wannan yana da sauri, sai dai in ƙyalli ya faɗo a tsakiyar babbar alwatika sai ya ɓace, tun da ba kusurwar da ta gan shi. Hanyar Phong ta 1975 ta magance haka ta sake lissafin a kowane ɗigo. Ɗalibin da ya karanta wannan babi, in ƙyallin tulunsa ya ɓace, ya san inda zai duba.

A nan ya kyautu mu ɗan ratse. Ibnul Haisam ya tabbatar a Kitabul Manazir, a ƙarni na 11, cewa haske daga abubuwa yake zuwa ido, ba daga ido yake fita ba. To, dabarar bin sawun haske da Turner Whitted ya bayyana a 1980 da gangan take juya al'amarin: daga ido ake bin hasken da baya har tushensa, don kada a ɓata lissafi kan hasken da ba zai taɓa shiga ido ba.

Batun motsi kuwa, fim yana nuna hoto 24 a daƙiƙa, watau na minti 90 yana bukatar hoto 129,600. Mai zane yakan tsara manyan matsayai ne, kwamfuta ta cike tsakani. In ta cike daidai-wa-daida sai motsin ya fito a sandare, gama hannun mutum a hankali yake tashi, ya yi sauri, sa'an nan ya lafa. Abin da John Lasseter ya jaddada ke nan a takardarsa ta 1987, inda ya ɗauko ƙa'idojin masu zanen hannu na Disney; shi ne kuma ya ba da umarnin Toy Story a 1995.

Sai dai akwai inda tsohon littafi ke ɓad da ɗalibi. Lissafinsa ba ya tsufa, amma umarnin kwamfutar da ke ciki yana tsufa. Tsohuwar hanyar zane ta OpenGL, wadda littattafai da dama suka dogara da ita, tun 2008 aka ayyana ta cikin abubuwan da za a daina. A ganinmu, a karanta bayanin, a tsallake umarnin, ɗalibi ya rubuta nasa a ƙarshen kowane babi. Littafin Pharr da Humphreys, Physically Based Rendering, na 2004, ya haɗa bayani da cikakken shiri mai aiki, amma ba na ɗan koyo ba ne. Kafin a miƙa wa ɗalibi shi, lalle ne ya ƙware a aljabara da lissafin kusurwoyi, kuma ya taɓa fitar da ko da ƙwallo ɗaya mai inuwa da umarnin da ya rubuta da hannunsa.