Tsarin Gidan Iyali a Karkara da Hanyoyin Rage Zafi Ba Tare da Na'ura Ba

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa gidan da ke rage wa mai shi kuɗin itace da na lantarki tun daga aza harsashi ake samunsa. Za mu ɗauki misalanmu daga karkarar ƙasar Hausa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba kowane ƙauye ta isa ba.

2.0 Fuskar Gida

Ƙasar Hausa na kusa da tsakiyar duniya, Kano ma a wajen digiri 12 take. Saboda haka da tsakar rana hasken kan sauka ne a kan rufi, da hantsi da la'asar kuwa ya bugi bangon gabas da na yamma. Ya kamata ke nan doguwar fuskar ɗaki ta kalli kudu ko arewa, tagogi su kasance a nan. Bangon yamma a bar shi ba taga, a dasa darbejiya ta yi masa inuwa. Bangon gabas kuma a ƙarfafa yaɓensa, domin galibi daga can hadari ke tasowa.

3.0 Bango da Rufi

A nan ne muhimmancin maganar yake. Bangon tubali mai kauri yakan sha zafin yini a hankali, bai isar da shi cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da dama, lokacin da dare ya yi, iska ta huce. Haka rufin soro na azara da ƙasa yake aiki. Kwano kuwa siriri ne, nan take yake miƙa zafi ga na ciki, da hunturu kuma ya miƙa sanyi. Mun san dalilin da ya sa jama'a suka rungume shi: soro na bukatar gyara kowace shekara, giginyar azara kuma ta yi ƙaranci. Shawararmu ita ce duk wanda ya kafa kwano ya sa silin ko zana a ƙarƙashinsa, ya bar kafofi a sama domin iska mai zafi ta fice.

Ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. Hassan Fathi ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna a Masar da tubalin ƙasa a shekarun 1940, masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

4.0 Madafa da Fitila

Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa. Murhun yumɓu mai kewaye yakan rage itace da hayaƙin da mata da yara ke shaƙa. Idan ɗaki ya yi sanyi da kansa, ƙaramin faifan sola ya wadatar wa fitila da fanka.

5.0 Kammalawa

Muna kira ga sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'inmu da su zauna da magina na gargajiya, a auna abin da suka gada, a inganta yaɓe domin ya jure ruwa. Talakan da ya rushe soronsa ya kafa kwano tsirara zai daɗe yana biyan kuɗin wannan canji.