Cunkoson baƙi na barazana ga kufan Machu Picchu

Tun kafin ketowar alfijir 'yan yawon buɗe ido kan bar birnin Cusco na ƙasar Peru, tare da masu yi musu jagora, domin ziyarar yini guda a Machu Picchu, kufan daular Inca da ke kan tsaunukan Andes.

Akasari mota ce kan kai su garin Ollantaytambo, daga nan su shiga jirgin ƙasa da ke bin gaɓar kogin Urubamba zuwa Aguas Calientes, kana motocin safa su haura da su.

Masana tarihi na ganin an gina wurin ne wajajen shekarar 1450, zamanin Sarki Pachacuti. Magina sun sassaƙe duwatsun muhimman gine-ginen suka haɗa su ba tare da laka ba.

Abin mamaki, Cusco mai tudun mita 3,400 ya fi Machu Picchu mai mita 2,430 bisa, shi ya sa baƙi suka fi fama da jiri da haki a birnin.

Tun bayan da Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1983, baƙi suka yi ta ƙaruwa, har sawunsu na zaizaye matakalai. A 2024 hukumomi sun ƙayyade masu shiga zuwa 5,600 a ranakun cunkoso, kowa da sa'arsa da hanyar da zai bi.

Sai dai mazauna yankin da baƙin nan suke cin abinci. Da aka rufe wurin a watan Janairun 2023 saboda zanga-zanga, masu jagora da masu masauki ne suka ji a jikinsu.