Abin da ya kamata ku sani kafin ku harhaɗa kanel ɗin Linux da hannunku

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta. Shi ke magana da rumbun ajiya da na'urar faifai, ta bakin ƙananan manhajojin da ake kira direbobi. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yana barin mutum ya zaɓi direbobin da yake so. Umarnin make menuconfig ne ke buɗe jerin zaɓin, kuma amsa uku ce: y a dasa direba cikin kanel, m a ajiye shi gefe sai an neme shi, n a bar shi.

Inda sababbin hannu suka fi tuntuɓe shi ne sashen SCSI. Mutum zai duba ya ga rumbunsa SATA ne, sai ya ce me ya haɗa shi da SCSI, ya kashe sashen baki ɗaya. To, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. A Linux, direbobin SATA da ke ƙarƙashin libata ta hanyar SCSI suke bi, haka ma filas ɗin USB. Shi ya sa rumbun farko ke fitowa da sunan /dev/sda, na'urar faifai kuma /dev/sr0. Don haka a kunna SCSI disk support da SCSI CDROM support, a haɗa da SCSI generic support saboda manhajojin rubuta faifai. Yawancin kwamfutocin SATA kuma direban AHCI suke buƙata.

Ganin na'urar daban, karanta abin da ke cikin faifan daban. CD na son ISO 9660 tare da Joliet don dogayen sunayen fayil, DVD kuwa UDF.

Ku yi hattara da tsofaffin bayanan intanet masu cewa sai an kunna ide-scsi. Dabarar zamanin Linux 2.4 ce. Tun fitowar 2.6 a ƙarshen 2003 ta daina zama dole, kuma a 2021 aka cire tsohon sashen IDE gaba ɗaya daga Linux 5.14.

Sai babbar magana: direban rumbun da Linux ke tashi daga kansa a ba shi y, ko a tabbata yana cikin initramfs. In ba haka ba, kwamfuta za ta cije tun wajen tashi, don kanel ba zai iya ɗauko direba daga rumbun da bai gani ba. Kada ku goge tsohon kanel daga jerin GRUB sai kun ga sabon ya tashi, ya kuma rubuta faifai lafiya.