Yadda ake samun kyanwar Lami

Idan Bahaushe zai kwatanta wanda ba a shakkarsa, sai ya ce da shi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Na girma ina jin wannan magana, amma ban taɓa tambayar kaina yadda Lami ta yi kyanwarta ta zama haka ba, sai da wata 'yar mage ta nemi raba kan gidana biyu.

Ɓeraye ne suka addabe mu a ɗakin ajiya, suka huda buhun masara, suka lalata littattafai. Wani maƙwabci da magensa ta haihu ya ba mu ɗiya guda, ba ta wuce mako biyar a duniya ba. Yara suka yi ta murna. Wasan da suka fi so shi ne su cusa yatsa ƙarƙashin tabarma suna motsawa, ita kuwa ta laɓe, ta daka tsalle ta cafke. Ni ma na sha yin haka bayan sallar isha'i, muna ta dariya, domin a lokacin faratanta ba su fi ƙayar ƙarangiya zafi ba. Wasa-wasa, cikin wata biyu ba mai ratsa tsakar gida ba ta ɗafe masa ƙafa ba. Mahaifiyata ta daina zama da carbi a kan tabarma, don da ta ga yana lilo sai ta afka wa hannun tsohuwa.

Ranar da ta yakushi autarmu, 'yar shekara uku, a ƙasan ido, uwargida ta ce, “Malam, yau kam an gama. Ko ka sa a kai ta bayan gari, ko ni in sa a kai ta.” Ban ga laifinta ba, ido ba abin wasa ba ne. Amma duk mun san abin da kai wa bayan gari ke nufi: a ɗaure ta a buhu, a jefar a bola, yunwa ko kare ko jifan yara su ƙarasa ta. Sai mahaifiyata, wadda ita ta fi kowa shan yakushi, ta ce, “Ku ji tsoron Allah. Ita ta kawo kanta? Ku kuka raba ta da uwarta tana shan nono.” Na roƙi a ba ni wata guda, na ɗauki magen muka tafi wurin likitan dabbobi.

Abin da na fahimta daga gare shi, da abin da na karanta daga baya, ya nuna mini tsohuwa ta riga mu gano bakin zaren. Mage mafarauciya ce, kuma wasan ƙuruciyarta koyon farauta ne: laɓewa, sanɗa, tsalle, cafka. A cikin 'yan'uwanta take koyon iyaka. Idan ta ciji ɗan'uwanta da ƙarfi, zai yi ƙara ya daina wasa da ita, uwar kuma ta tsawatar. Shi ya sa masana ke cewa kada a raba ɗan mage da uwarsa kafin mako takwas, in da hali ma a bari ya kai goma sha biyu. Mu mun ɗauko tamu kafin ta shiga wannan makaranta, sannan muka buɗe mata tamu, inda darasin farko shi ne yatsan mutum ɓera ne. Ta kuwa haddace darasin.

Don haka gyaran daga mutanen gida ya fara. Na tara yara na kafa doka: daga yau ba mai wasa da mage da hannu ko da ƙafa. Muka samo kara mai tsawon kamu biyu, muka ɗaura masa zare, muka ƙulla gashin kaza a ƙarshe. Duk mai son wasa da ita, ga sandarsa. Muka ware mata minti goma zuwa sha biyar da sassafe, da kuma gab da magariba, domin a waɗannan lokuta ne farauta ke motsa wa mage. In ta gaji sai a ba ta abinci, ta lashe jikinta ta kwanta. In an gama kuma a ɓoye sandar, domin zare in mage ta haɗiye shi yana iya naɗe mata hanji.

Doka ta biyu ta fi wuya. Idan ta cafke hannunka, kada ka fizge, domin abin farauta ne ke fizgewa ya gudu, ita kuwa sai ta ƙara nutsa farce. Ka bar hannun shiru kamar icce har ta saki, sannan ka tashi ka bar wurin ba tare da ka kalle ta ba. A hankali takan gane cewa fito da farce shi ke kashe wasa. Sai dai wajibi ne kowa a gida ya bi. Da ɗa guda ya ci gaba da tsokanarta da yatsa a ɓoye, aikin mako ya rushe, kuma hakan ya faru da mu har sau biyu.

Na kuma koya wa yara karanta jikinta. Bahaushe ya ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, amma gaskiya takan yi gargaɗi kafin ta kai hannu. Idan wutsiyarta na dukan ƙasa, kunnuwa sun kwanta baya, ƙwayar ido ta buɗe ta yi baƙi, a bar ta. Idan ta kwanta rigingine, yawancin maguna ba sa son a taɓa musu ciki. Yaro ƙarami kuwa kada a bar shi da ita su kaɗai, kada kuma ya kai fuskarsa kusa da tata.

Duka fa? Shi ne abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi, kuma shi ya fi ɓata al'amari. Magen da ake bugu da tsintsiya ko takalmi ba ta haɗa dukan da laifinta, abin da take koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Yakushin tsoro kuwa ya fi na wasa zurfi. Addininmu ma ya ja mana kunne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a gidajenmu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, saboda 'yar kyanwa ya samu alkunyarsa.

Su kansu faratan akwai abin da ake yi musu. Mage na da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya, kuma dole ta karci wani abu domin ta zubar da tsohon ɓawon farce, ta miƙe jijiyoyinta, ta bar alamar ƙamshinta. Muka kafa mata guntun icce a lungu, muka naɗe shi da igiya, kujera ta huta. Ana kuma iya rage tsinin farcen bayan mako biyu ko uku: a matsa tafin ƙafar a hankali farce ya fito, a datse bakin kawai, kada a kai wurin da ya yi ja-ja, domin nan jini da jijiya suke. Magen da ke fita waje tana buƙatar faratanta don hawa da kare kai, saboda haka kada a wuce gona da iri. Cire farce gaba ɗaya kuwa yanke gaɓar ƙarshe ce ta kowane yatsa. Doka ta hana shi a Ingila, jihar New York ta Amurka ma ta haramta shi a 2019.

Kada kuma a raina yakushin da ya riga ya faru. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bartonella henselae wadda ƙuma ke yaɗawa tsakanin maguna, kuma 'ya'yan mage da ba su kai shekara ba sun fi ɗauke da ita. Takan sa kaluluwa ta fito a hammata ko a wuya bayan mako ɗaya zuwa uku, wani lokaci da zazzaɓi. Yawanci takan warke da kanta, amma ga mai raunin garkuwar jiki tana iya tsananta. Wadda ta fi ta haɗari ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Karnuka ne ke jawo kusan duka, amma mage ma na iya ɗauka, kuma yakushi na cikin hanyoyin kamuwa. Shawarar hukumar ita ce a wanke ciwon da sabulu da ruwa na tsawon minti 15. Idan ba a san magen ba, ko ba ta da rigakafi, ko ciwon a fuska yake, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. Haka muka yi da autarmu.

Ana yi wa mage allurar rigakafin wannan cuta daga wata uku. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai kuma na koyarwa a jami'o'i kamar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A can za a nemi maganin ƙuma. Kada a zuba mata fiya-fiya, kada kuma a shafa mata na kare, domin wasu na ɗauke da sinadarin permethrin, wanda guba ne ga mage.

Watan da na roƙa bai cika ba uwargida ta daina maganar buhu. Ba zan ce magen ta zama waliyyiya ba, har yanzu takan ɗafe gefen zane in an wuce da sauri, amma ta fi wata shida ba ta fitar wa kowa jini ba. Ɓeraye sun yi ƙaura. Mahaifiyata ta koma kan tabarmarta da carbinta, magen na kwance a gefen ƙafarta.

Yanzu ina zaton na san sirrin Lami. Ta bar kyanwarta ta ƙoshi da nonon uwa, ba ta mayar da hannunta abin farauta ba, ba ta kuma ɗaga mata takalmi ba. Kafin mai karatu ya nemi buhu, ya dubi irin wasan da ake yi da magen a gidansa, ya ba ta wata guda. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sanya a ƙarƙashin kulawarmu.